Nawa zan caja a aikin notari na zuwa gida-gida a New York?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu lasisin notari, wato mai shaida sa hannun mutane a kan takardu a hukumance, amma kana tsoron kuɗin mai zai cinye ribar. Gaskiya a New York doka ta ƙayyade dala 2 kan kowane sa hannu, Kalifoniya kuwa dala 15. Abincin yana cikin kuɗin tafiya, sai ku daidaita da mutum tun a waya, kafin ka tada mota. Ni na taɓa zuwa asibiti na tarar katin shaidar majinyacin ya ƙare, na dawo hannu rabbana. Yanzu sai na tambaya tukuna ko katin shaidar mutum yana aiki.

Talla kuwa, ka sa kanka a Google Maps, ka raba katin sana'arka a ofisoshin lauyoyi da gidajen tsofaffi. Kada ka fassara wa kowa ma'anar takarda. Wannan aikin lauya ne, tura shi can.