An ce ba za a iya yi wa Baba tiyata ba: me allura da gashi za su yi masa?

Tambaya: Likita, mahaifina yana da ƙari a cinya. Da aka yanki ɗan naman aka auna, sai aka ce dajin tsoka ne, kuma ba zai ciru da tiyata ba. Za a haɗa masa kemoterafi (allurar kashe daji) da gashi na haske. Magani ne wannan ko rarrashi kawai? Ni ce 'yarsa mai jinyarsa.

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ba rarrashi ba ne.

Sunan wannan ciwo sakoma. Yana tsirowa a tsoka, kitse ko jijiyoyi, ya fi nau'i 50, kuma tiyata ce babban maganinsa. Don haka fara tambayar likitansa: me ya hana tiyatar? Idan ƙarin ya naɗe babbar jijiyar jini ne ko ya cika girma, ƙofa ba ta rufe ba. Idan kuwa ya bazu zuwa huhu, inda ya fi zuwa, burin ya koma rage masa gudu da sauƙaƙa zafi.

Gashin haske ne mai ƙarfi da na'ura ke aunawa kan ƙarin, yawanci sau 25 cikin makonni 5, ko fiye idan ba a sa ran tiyata. Allurai irin su doksorubisin da ifosfamid suna raunana ƙwayoyin dajin don hasken ya fi kama su, su kuma bi waɗanda suka tsere cikin jini. Wasu nau'o'in, kamar wani dajin kitse mai yauƙi, suna motsewa sosai har tiyata ta yiwu. Wasu kuwa taurin kai gare su, kuma gaskiya ba kasafai haɗin ke warkarwa ba in ba a cire ƙarin ba. Shi ya sa nake dagewa a sake hoto bayan an gama, likitan tiyata ya sake dubawa.

Akwai wahala. Fatar cinyar za ta yi duhu, ta iya ɗayewa kamar ƙuna. Kada a shafa komai sai da izinin likita. Doksorubisin na iya taɓa zuciya, shi ya sa ake duba ta tukuna, kuma fitsari kan yi ja kwana ɗaya ko biyu. Ifosfamid na cutar da mafitsara, don haka ake haɗa shi da maganin mesna da ruwa mai yawa.

Ki ajiye ma'aunin zafi a gida. Allurar na zubar da garkuwar jiki, in zazzaɓi ya kai digiri 38 na Selsiyos, ko tsakar dare ne, ku tafi asibiti nan take.