Me ya sa taci yake mutuwa a tsakiyar waya mai naɗewa?

Tambaya: Salam Malam, daga Kurna nake. Na sayi waya mai naɗewa ta hannu, yanzu wani baƙin layi ya fito daidai inda take lanƙwashewa kuma taci baya ji a wajen. Na kai Farm Centre mai gyara yace sai dai a canza sikirin ɗin gaba ɗaya, kuɗin kuma ya kusa na wayar. Anya ba so yake ya ci kuɗina ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wannan karon kam mai gyaran gaskiya ya faɗa maka.

Kaga sikirin hawa-hawa ne, a ciki akwai wani shimfiɗi siriri da dole ya ɗauki wuta kuma haske ya ratsa shi, shi ne yake jin yatsanka. Wayoyin da muka saba da su yawanci ITO ake sa musu, haɗin indiyam da kuza, yana aiki sosai amma baya son lanƙwasa ko kaɗan, kana tanƙwara shi zai tsattsage wuta ta daina wucewa. Shi yasa a masu naɗewa ake gina sikirin a kan wata roba mai jure zafi, tacin kuma a saƙa shi da ragar ƙarfe wadda ido baya gani, a jikin sikirin ɗin kansa, to ka ga ba abin da za a ɓanɓare a canza shi kaɗai bane.

Ƙanƙantar abin ce take sa gyara ya gagara. Da nanomita ake awo a nan, wato ka raba mita ɗaya gida biliyan, gashin kanka ɗaya ma kaurinsa ya kai wajen nanomita 80,000. Masu bincike suna harba leza mai saurin bugu a fuskar shimfiɗin sai ta fitar da layi-layi kamar kunyar gona, tsakaninsu nanomita ɗaruruwa kacal, wasu kuma danna masa hatimi suke yi zanen ya hau, dabarar da Stephen Chou ya fito da ita a 1995 a Amurka. Amfanin zanen shi ne rage ƙyallin rana a sikirin, ga shi kuma abu mai tudu da kwari ya fi miƙewa ba tare da ya karye ba. Da yawa daga cikin wannan har yanzu a ɗakin gwaji yake, bai gama shigowa kasuwa ba. To don Allah wane ayan ne zai yi walda a nan?

Baƙin layin kuma alama ce rufin OLED ɗin, wato shimfiɗin da yake fitar da haske da hoto, ya tsage, iska da danshi na shiga suna kashe shi, kuma sau da yawa ƙara faɗi yake yi, don haka ka kwashe hotunanka da lambobinka tun yanzu.

In ka canza, kar ka ɓare ledar saman da kanka, a 2019 masu gwada Galaxy Fold, wayar Samsung mai naɗewa, sun ɓare tasu sikirin ya mutu har aka ɗage fitowar wayar zuwa Satumba. Banda danna farce. Ƙurar hunturun Kano ma ba ƙaramar matsala bace, ka duba babu yashi kafin ka rufe ta. Nan gaba kuma in zaka sayi ta hannu buɗe farin hoto ka ƙura wa tsakiyar ido, sannan ka ja wata manhaja da yatsa ka tsallaka wajen lanƙwasar, in ta kuɓuce maka a hanya ajiye musu kayansu.