Kafin ka biya kuɗin fikof na hannu

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka tayin fikof na jita, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiyar jita ta lantarki, samfurin JB na kamfanin Seymour Duncan, na hannu, a kasuwar Terminus nan Jos, kana tsoron jabu. Tsoronka yana kan hanya.

Kada ka tsaya duba sunan da ke fuskarsa, kowa na iya bugawa. Kifa shi. Farantin ƙasan na ainihi kalar azurfa ne, an dankara sunan kamfanin a jikin ƙarfen. In ka ga ruwan tagulla, janye hannunka.

Abin da na fi yarda da shi dai mitar awon lantarki ce. Ka ja mai kayan zuwa wajen mai gyaran rediyo. A cikin wayoyin fikof ɗin, a haɗa jar waya da fara, a auna tsakanin baƙa da koriya. JB yakan nuna wajen om dubu 16 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki). Na taɓa auna wani ya tsaya a dubu 8, maganaɗisunsa baƙi ƙirin, alhali na JB alniko ne, wani gaurayen ƙarfe mai ruwan toka. Yaron da ya saya kuɗin makarantarsa ya zuba, har yau abin yana ci mini rai.

Wanda aka rubuta Duncan Designed ba jabu ba ne, amma mai araha ne, kada a caje ka kuɗin JB na ainihi, ƙirar Amurka.

In mai kayan ya ƙi awo, bar masa abinsa.