Dalilin ƙulli a tsakanin duwatsun sarƙa

'Yata, na ga saƙonki. Kina tambaya me ya sa masu haɗa sarƙar dutse suke yin ƙulli bayan kowace ƙwaya, alhali a zura su jere a ɗaure baki ya fi sauri, kuma ko dole ne ke ma ki bi. To, magabatan sana'ar nan ba don ƙawa suka ɗora wa kansu wannan wahala ba.

Dutse yana cin ɗan'uwansa. A 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai daga 1 (mafi laushi) zuwa 10 (mafi tauri) gwargwadon wanda ke karce wani, kuma har yau da ma'auninsa ake aiki. Aƙiƙ yana wajen 7. Fairuz, shuɗin nan, 5 zuwa 6 ne. Murjani bai wuce 4 ba, lu'ulu'un teku ma haka yake, ko ƙasa da haka. Idan kika jera murjani kafaɗa da kafaɗa da aƙiƙ, duk motsin wuya gugar juna suke yi, kuma mai laushin ne ke ji a jika. A hankali za ki ga bakin hudar ya yi fari-fari, ya faɗaɗa, ƙyallin ya dushe. Ƙullin nan shi ne kamar matashin kai da ke raba su. Amfaninsa na biyu kuwa sai ranar da zare ya tsinke: ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi, ba hamsin su watse a ƙasa ana bin su da tsintsiya ba.

Kafin ki taɓa zare, duba hudar kowace ƙwaya a haske. Sau da yawa ta gefe biyu ake huda dutse, ramukan su haɗu a tsakiya. In ba su haɗu daidai ba, akwai ɗan tudu mai kaifi a ciki, shi ne ke yanke zare a ɓoye, mai sarƙa ta yi ta zargin zaren. Ki sa siririn magagarin nan na duwatsu ki goge cikin hudar, amma a cikin ruwa. Ruwan yana hana dutsen yin zafi ya tsage, yana kuma kwantar da ƙurar, wadda ba ta da kyau a shaƙa. Kada ki danna, juyawa za ki yi ta yi a hankali.

Zaren siliki aka saba, saboda yana da laushi kuma ƙullinsa na zama. Aibinsa miƙewa. Ki rataye shi da ɗan abu mai nauyi ya kwana kafin ki fara, in ba haka ba sarƙar za ta saki daga baya ki ga zare tsirara a tsakanin duwatsu. Kaurinsa ya bi faɗin hudar: hudar milimita 0.8 zuwa 1 tana son zaren wajen 0.7. Gwada ƙulli ɗaya ki ja. In ya shige cikin dutsen, ƙara kauri ko ki ninka zaren.

Yadda ake yi: zura ƙwaya, yi sakakken ƙulli, sa bakin basilla ko tsinin allura a cikin zoben, ki ja shi har ya manne da dutsen. Sai ki danne da farcen babban yatsa, sannan ki zare basillar kina jan zaren. A nan masu koyo ke ɓata aiki, don suna cire basillar da wuri, ƙullin ya ɗaure nesa da dutsen, kuma siliki in ya ɗaure kwance shi sai an sha fama. Kada kuma ki matse da yawa, sarƙar za ta sandare ta ƙi kwanciya a wuya.

Ki yi lissafi tun farko. Kowane ƙulli yana ƙara kusan milimita ɗaya. Sarƙa mai tsawon santimita 45 da ƙwayoyi masu milimita 8 za ta ci wajen 48 bayan an cire wurin maɗauri, alhali ba ƙulli sai ta ci fiye da 50. Zare kuwa ki yanki mita biyu, ƙulli na shan zare fiye da yadda ido ke zato.

Shin ƙullin dole ne? Ba ko'ina ba. Manyan duwatsu masu nauyi, iri ɗaya, masu tauri, waya ta fi musu. Ki nemi wadda aka murɗe daga silin ƙarfe 49, ta fi mai 7 laushi kuma ba ta saurin yin lanƙwasar da ba ta miƙewa. A matse bakinta da ɗan bututun ƙarfe da filaya, a bar ɗan sarari kamar kaurin farce don sarƙar ta lanƙwasa. Amma murjani da lu'ulu'u, ni dai ba zan yarda a zura su ba ƙulli ba.

Wadda kika haɗa wa kuma ki gaya mata ta gama fesa turare ya bushe kafin ta sa, don turare da gumi suna dusar da murjani da lu'ulu'u. Kada ta shiga wanka da ita, jiƙaƙƙen siliki yana miƙewa ya ruɓe. Ta ajiye ta a kwance, ba a rataye ba. Ran da ƙullin ya yi baƙi ko dutse ya fara zamewa a tsakaninsu, ta kawo miki a sake zare.

Gwaggonki.