Amsar Gwaggo kan kiɗan ƙwarya da masu yin sa

'Yata, saƙonki ya iso, ya karatu? Kin tambaya ko a da mata suna da ƙungiyar kiɗa tasu a ƙauyukanmu na ƙasar Ringim, kuma ko gaskiya ne abin da kike ji a makaranta, wai 'yan daudu da masu maɗigo ne suka riƙe sana'ar. Bari in fara da kiɗan, don sai kin san yadda yake kafin ki gane su wa ke cikinsa.

Mata sun yi kiɗa, kuma da tsari. Kulle ne ya haife shi. Makaɗi namiji ba ya wuce zaure, alhali taron suna da wunin biki a tsakar gida ake yin su, sai mata suka ɗauki abin da ke hannunsu: ƙwarya, turmi, shantu. Luguden daka, waƙar niƙa, waƙar daɓen ɗakin amarya da gaɗar 'yan mata a dandali, waɗannan kowa ta iya, ba a biyan kowa. Wanda ya zama sana'a shi ne kiɗan ƙwarya, wato amada.

Ƙungiya tana da zabiya mai ba da waƙa, da 'yan amshi, da masu kiɗa, da maguɗiya mai rangaɗa guɗa a gaɓar da ta dace. Sau da yawa masu kiɗan su ne 'yan amshin. Ƙore kamar biyar ake kifawa, manya da ƙanana, akwai na tudu, akwai ta ruwa. Na tudu ana ɗora su kan tsumma ko tsohon bargo, don in aka kifa su a kan daɓe tsirara sai su riƙa zamewa, muryarsu ta yi kaushi. Da 'yan sanduna sirara ake kaɗa su, wata kuma da tafin hannu da zobba.

Ta ruwa ita ce uwar kiɗan, kuma a nan ake gane gwana. Ana zuba ruwa a masaki ya ɗan haura rabi, a kifa ƙwarya a kai ta yi iyo. Iskar da ta maƙale a cikinta ce muryar. In ana son ta yi kauri, a bar iskar da yawa. In ana son ta ɗan tashi, a karkata bakin ƙwaryar iska ta fita, ta ƙara nutsewa. Ruwa ya yi kaɗan, bakinta ya taɓa gindin masaki, murya ta mutu. Ya yi yawa, ya fantsame wa mutane zannuwan biki. Ƙwaryar da ta taɓa tsagewa, ko gyartai ya ɗinke ta, ba ta wannan aiki, domin iska na zurarewa ta ɗinkin. Yanzu da baho ake yi a madadin masaki, yana yi, amma kunnen da ya saba ya san da bambanci.

Shantu kuwa na 'yan mata ne, musamman lokacin da amarya ke cikin lalle. Dogon duma ne da aka yanke bakinsa biyu, aka kwashe cikin. A zaune ake kaɗa shi, a buga ƙasan a tsokar cinya, tafin hannu yana rufe saman yana buɗewa. Mai koyo takan buga shi a ƙashin gwiwa, ta ji zafi, shantun ma ya tsage.

Ba a kiran masu amada da baki kawai. Goron gayyata ake kai wa zabiya, a gaya mata ranar da sunayen dangi. Wannan na sunayen kada ki raina shi. Uwar miji da manyan gida ake fara wasawa, sannan uwar biki, sannan ƙawayenta. Zabiyar da ta tsallake uwar miji ta fara da baƙuwa mai kuɗi ta ɓata biki. Haka habaici: gishirin amada ne, amma in ya fito fili har kowa ya gane da wace kishiya ake, wuni ya tashi da dambe. Gwana takan yi shi yadda mata goma za su tsargu, ba wadda za ta iya cewa da ni ake. Liƙin da aka samu a tara shi wuri guda, bayan taro zabiya ta ɗauki kaso mafi tsoka, ta raba wa sauran gwargwadon aiki da daɗewa.

Waɗanda suka fitar da amada daga tsakar gida zuwa rediyo da kaset, kowa ya san su: Uwaliya Mai Amada ta Kano, da Barmani Choge ta Funtua wadda ta rasu a 2013. Barmani ta yi ta zuga mata su kama sana'a, kuma ba ta tauna magana kan kishi da zaman aure, shi ya sa maza suka riƙa yi mata kallon marar kunya, mata kuwa suna cika fili.

To, ga batun 'yan daudu. Suna nan a tarihin, ba mai musu. Maza ne masu ɗaukar salon mata a magana da tafiya da aiki. Sana'arsu ta asali abinci ce, tuwo da soye-soye a tasha da kasuwa, shi ya sa an fi ganin su a birni da garuruwa masu babbar kasuwa, ba a ƙaramin ƙauye ba. Ana ɗaukar su girkin babban biki, suna rawa, suna liƙi, kuma a habaici da karin magana sai dai a sara musu. An san su kuma a wasan bori, inda garaya da goge da ƙwarya ke tashi, da bukukuwan mata masu zaman kansu. Daga nan mutane suka haɗa komai a tukunya ɗaya. Amma ba su ne masu amada ba. Kiɗan na matan aure ne da zawarawa da tsofaffi, kuma a gidan da ake kulle sosai ɗan daudu ma a zaure yake tsayawa.

Sunan ɗan daudu salo da sana'a yake nunawa. A cikinsu akwai masu neman maza, akwai waɗanda ba ruwansu, da yawa kuma suna da mata da 'ya'ya. Zancen maɗigo a kan mawaƙa mata kuwa, ki lura da wadda ake jifa da shi: macen da ke da kuɗinta, take tafiye-tafiye da ayarin mata, ba ta jiran izinin kowa. Wadda ba a kira karuwa ba, an kira ta da wannan. Hukuncin addini kan luwaɗi da maɗigo kin san shi, haka kuma kin san hukuncin ƙazafi. Ga shari'a da Kano da Jigawa suka ƙaddamar a 2000, ga dokar tarayya ta 2014 da ta haramta auren jinsi ɗaya, yau kalma ɗaya na iya kai mutum kurkuku ko ta tara masa jama'a da duwatsu. Don haka in rubutu za ki yi, rubuta sana'a da tsarinta, kada ki liƙa wa wata, rayayya ko matacciya, abin da ba ita ta faɗa da bakinta ba.

Abin da ya rage kiɗan ba abu ɗaya ba ne. Wa'azi ya matsa wa bori, Hisba ta sa ido kan cakuɗuwar maza da mata, sannan kaset da DJ da waƙoƙin fiyano suka zo da araha. A wasu gidajen kuma walima da wa'azin malama sun maye gurbin wunin kiɗa.

In kina son a yi a bikin ƙanwarki, har yanzu ana samun tsofaffin hannu. A nemi yardar Baffanki tukuna, a tsayar da shi tsakanin azahar da magariba, mata zalla. Ƙoren a saye su da wuri, masu kauri, a ƙwanƙwasa kowace da yatsa, wadda ta yi ƙarar fasasshe a ajiye ta. Ta ruwan kuma, da an tashi a tsame ta a shanya a inuwa. Rana tsaga ta take yi, barin ta a jiƙe kuma sai ta yi fumfuna.

Ki gaishe da ƙawayenki.

Gwaggonki