Amsa: Wane baki da wane zobe za a sa wa injin rauta (injin sassaƙa katako)?

Malam, ka tambayi bakin yanka da zai dace da farantin da ka saya a Garwa, wato faranti mai yatsu da ake bi a yanka haɗin akwati. Faranti ne ke zaɓar zobe, wanda ake ɗaurawa a gindin injin don ya bi farantin: faɗin zoben ta waje ya shige tsakanin yatsunsa daidai, ba girgiɗi, kuma bakin ya zauna tsakiyar zoben.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne ƙafar bakin, wato sashen da injin ke kamawa. Injinan Turai da yawa milimita 6 ko 8 suke kamawa, kayan Amurka kuwa da yawa kwatan inci ne, wato 6.35. Kada ka ɗaura 6 a mariƙin 6.35, zai zame yana juyi. In maɗaci kake aiki, nemi baki mai kabayid (wani ƙarfe mai tauri sosai).

Gwada a guntun katako tukuna. Kuma kada ka ɗaga injin yana cikin faranti, bakin zai ci yatsun farantin.