Ina zan samu tallafin lambun makaranta?

Tambaya: Salam, ni malamar firamare ce a Katsina, ina son in yi wa 'yan aji 5 ɗan lambu a bayan aji su riƙa koyon kimiyya da awo da hannunsu amma wallahi albashina ba zai ɗauka ba, dan Allah ina ake neman tallafi?

Amsa: Wa'alaikis salam Malama, wannan tunani ya burge ni sosai. Ki fara da hedimasta da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, domin tallafin inganta makarantu na UBEC (hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa) ta asusun kwamitin yake bi, ba a tura wa malami shi kaɗai. Ku zauna ku rubuta komai dalla dalla, iri, bokiti, taki, wayar shinge saboda awaki kar su cinye wahalarku, da farashin kowanne da yawan yaran da za su amfana, sannan a kai wa ES, wato sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ya miƙa SUBEB (hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha). Kar ki wahala da TETFund, ta manyan makarantu ce. Kafin amsa ta fito ki taɓa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko iri da bokiti suka kawo ai kin fara, kuma ki adana rasit da hotuna.